Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni: Karatu da Sana'a Domin 'Ya'yanmu Masu Raunin Fahimta



Ranar 1 ga watan Mayu, wadda ƙasashe da yawa suke hutun ma'aikata a cikinta, ita ce kuma ranar da Ikilisiya take idin Waliyi Yusufu Ma'aikaci. Paparoma Pius na 12 ne ya kafa wannan idi a shekarar 1955, domin ya tuna mana cewa Ɗan Allah da kansa a gidan masassaƙi ya girma, kuma hannuwan da aka kafa a kan gicciye sun saba da riƙon zarto da gizago. A wannan rana mukan yi addu'a domin manoma, da malamai, da 'yan kasuwa, da ma'aikatan gwamnati, da masu neman aiki. Amma akwai waɗansu 'ya'yanmu da ba a lissafa su cikin ma'aikata, ba a ma lissafa su cikin masu neman aiki, domin tun suna ƙanana aka yanke cewa ba za su iya kome ba. Waɗannan su ne yaran da karatu yake yi wa wuya ƙwarai, da waɗanda aka haifa da raunin fahimta. A kansu nake so mu yi tunani, musamman a kan abin da zai same su bayan sun wuce shekarun firamare da sakandare.

MUTUMIN DA KE BAKIN ƘOFA

A makon Ista mun ji labarin da ke cikin sura ta 3 ta Littafin Ayyukan Manzanni. Bitrus da Yohanna suna tafiya Haikali lokacin addu'ar ƙarfe uku na yamma, sai suka tarar da wani mutum wanda tun haihuwarsa bai taɓa tsayawa da ƙafafunsa ba. Kullum akan ɗauko shi a ajiye a bakin ƙofa domin ya yi bara. Sura ta 4 ta gaya mana cewa shekarunsa sun haura arba'in.

Mu tsaya a kan wannan kaɗan. Waɗanda suke ɗauko shi kowace rana ba mugayen mutane ba ne, masu tausayi ne. Waɗanda suke jefa masa kwabo su ma masu tsoron Allah ne. Duk da haka ya shekara arba'in cikin tausayin mutane, kuma matsayinsa bai wuce bakin ƙofa ba. Jama'a suna shiga, suna fita, shi yana nan inda aka ajiye shi.

Bitrus bai da kuɗi a aljihunsa, ya kuma faɗa masa haka. Amma ya yi abubuwa uku. Ya dube shi ido da ido, kamar yadda ake duban mutum. Ya kama hannunsa na dama ya tashe shi cikin sunan Yesu. Sa'an nan suka shiga Haikali tare. Mu ba a ba mu ikon sāke ƙwaƙwalwar yaro da kalma ɗaya ba, amma waɗannan abubuwa uku suna hannunmu: mu duba, mu kama hannu, mu shiga tare.

SU WANE NE WAƊANNAN YARA?

Kafin mu taimaki mutum, sai mun san abin da ke damunsa. A garuruwanmu mukan tara kowa a kwando ɗaya, mu ce daƙiƙi ne, ko dolo, ko gaula, ko ɗan ruwa. Alhali kuwa kashi biyu ne dabam-dabam.

Kashi na fari su ne yaran da hankalinsu daidai yake da na kowa, wani lokaci ma su fi tsaransu basira, amma wani fanni guda na karatu yana gagararsu. Akwai wanda haruffa suke rikice masa, ba ya iya haɗa baƙi da sautinsa da sauri. Likitoci suna kiran wannan lalura disleksiya. Akwai wanda lissafi ne yake gagararsa, akwai wanda rubutu ne. Irin wannan yaro, idan ka karanta masa tambaya ya ji da kunnensa, sai ya ba ka amsa daidai. Idan ka miƙa masa takarda, sai ya yi shiru. Bulala ba ta gyara wannan. Abin da take koya masa shi ne tsoron makaranta.

Kashi na biyu su ne masu raunin fahimta. Su kome suna koyonsa a hankali: magana, ƙirgan kuɗi, sanin lokaci, kula da jiki, zama da mutane. Raunin yana da mataki-mataki, kuma mafi yawansu raunin nasu mai sauƙi ne. Masu bincike suna ƙiyasta cewa kimanin mutum 1 cikin 100 yana da wannan lalura. Ke nan a majami'a mai mutum 1,000 za a sa ran samun wajen 10. Idan ba ma ganinsu ranar Lahadi, suna nan a gida an rufe.

Mu kuma lura, raunin fahimta dabam, taɓin hankali dabam. Wanda fahimtarsa take da rauni ba mahaukaci ba ne, ba kuma abin tsoro ba ne.

Me ke kawo wannan? Dalilai da yawa sanannu ne. Akwai doguwar naƙuda wadda jariri yakan rasa isasshen numfashi a cikinta. Akwai shawara mai tsanani a kwanakin farko na jariri, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro idan ya taɓa ƙwaƙwalwa, da ƙarancin sinadarin aidin a abincin mai ciki, da guba. Ba mu manta da abin da ya faru a Jihar Zamfara a shekarar 2010 ba, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe yara aƙalla 400. Dalma tana raunana ƙwaƙwalwar yaro ko da ya tsira da ransa, kuma yaran da suka tsira a wancan lokaci yau samari ne da 'yan mata, sun kai shekarun koyon sana'a. Akwai kuma lalurar Down. A shekarar 1959 masu bincike a Faransa, cikinsu har da Dokta Jérôme Lejeune, suka nuna cewa mai wannan lalura yana da ƙwayoyin gado da ake kira kuromosom guda 47 a maimakon 46. Wannan likita Katolika ne mai ibada wanda ya ƙare ransa yana kāre waɗannan yara, kuma a 2021 Paparoma Francis ya amince da nagartar halinsa, mataki ne a kan hanyar zama waliyi.

Duk cikin waɗannan babu maita, babu aljanin ruwa, babu laifin uwa. A sura ta 9 ta Bisharar Yohanna almajirai sun so su san ko zunubin wane ne ya sa aka haifi wani mutum makaho, Ubangiji kuwa ya kawar da tambayar gaba ɗaya, ya juya hankalinsu ga aikin da Allah zai nuna a rayuwar mutumin. Duk mijin da ya kori matarsa saboda ta haifi irin wannan yaro, da duk dangin da suka ba da shawarar a kai jariri bakin rafi, sun yi wa Allah laifi mai girma.

BAYAN MAKARANTA SAI INA?

Muddin yaro yana ƙarami, akan yi ta lallaɓawa. Yana bin 'yan'uwansa makaranta, yana maimaita aji, malamai suna tura shi gaba don tausayi. Wahalar gaske tana farawa ne sa'ad da ya kai shekara 16 ko 18. Tsaransa sun tafi kwaleji, waɗansu suna koyon sana'a, waɗansu sun yi aure. Shi kuwa an bar shi a zaure ko a gindin bishiya, daga safe har dare babu wanda ya ce masa zo ka yi kaza. Ɗan abin da ya koya a makaranta sai ya zube. Yara suna jifansa, manya suna aikensa don su yi dariya. Waɗansu akan tura su bara. 'Yan mata kuwa hatsarinsu ya fi girma, gama akwai marasa tsoron Allah da suke lalata su, sun san yarinyar ba za ta iya ba da labari yadda za a yarda da ita ba.

Akwai tambaya guda da take hana iyayen waɗannan yara barci: idan na mutu, wa zai riƙe shi? Wannan tambaya tana da nauyi, kuma cewa Allah zai tanada ba ya sauke mana ita, domin ta hannun mutane Allah yakan tanada. Yaron da ya iya wanka da kansa, ya iya zuwa wurin aiki ya dawo, ya iya kawo ko ɗan kuɗin sabulu gida, 'yan'uwansa za su riƙe shi da daraja bayan iyaye sun shuɗe. Wanda ba a koya masa kome ba kuwa, yakan zama kaya a wuyan dangi, ana tura shi daga wannan gida zuwa wancan. Shi ya sa Bahaushe ya ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

ABIN DA AKA GWADA A AMURKA

Wani zai ce, Fada, ai waɗannan ba sa iya koyo. Bari mu duba wurin da aka gwada, aka kuma ga sakamako.

A farkon shekarun 1970 wani malamin jami'a a Amurka mai suna Marc Gold ya ɗauki matasa masu raunin fahimta, irin waɗanda aka ce ba su da amfani a wurin aiki, ya koya musu harhaɗa birkin keke mai sassa 15. Duk wanda ya taɓa kwance birkin keke ya san ba wasa ba ne. Dabararsa ita ce ya rarraba aikin gunduwa-gunduwa, ya nuna da hannu a maimakon yawan magana, a maimaita har hannu ya saba. Suka iya, kuma da aka sāke gwada su bayan lokaci mai tsawo, aikin yana nan a hannunsu. Darasin da ya bar wa malamai shi ne, idan ɗalibi ya kāsa, malami ya sāke hanya kafin ya yanke wa ɗalibi hukunci.

A shekarar 1975 ƙasar ta yi doka cewa kowane yaro mai naƙasa yana da hakkin karatu kyauta a makarantar gwamnati. Dokar, kamar yadda aka gyara ta daga baya, ta wajabta cewa in yaro ya kai shekara 16 a zauna da shi da iyayensa da malamansa a rubuta shirin abin da zai yi bayan makaranta: wace sana'a, wane ƙarin karatu, wane irin zama. Ku lura da hikimar da ke nan. Ba a jira sai ya fita ƙofar makaranta kafin a fara tunani.

Domin yara na kashi na fari, a 1985 aka buɗe Kwalejin Landmark a Jihar Vermont, wadda aka kafa musamman domin ɗalibai masu disleksiya. A sauran jami'o'i kuwa akan ba irin wannan ɗalibi ƙarin lokaci a jarrabawa, ko na'urar da take karanta masa rubutu da murya. Tambayoyin ɗaya ne da na kowa, ba a sauƙaƙa su. Duwatsun da ke kan hanya kawai ake kawarwa.

Domin masu raunin fahimta kuwa, a 2008 aka gyara dokar manyan makarantu yadda za su iya samun tallafin gwamnati su shiga shirye-shirye na musamman a kwaleji, ko da ba su da takardar kammala sakandare irin ta kowa. Yau irin waɗannan shirye-shirye sun haura 300 a ƙasar. Ɗalibin yakan zauna a waɗansu azuzuwa tare da sauran ɗalibai, yana da aboki ɗalibi mai yi masa jagora, yana koyon riƙon kuɗi da hawan mota shi kaɗai da dafa abinci, yana kuma zuwa gwajin aiki. A ƙarshe yakan fita da takardar shaida da kuma sanin makamar wani aiki.

Misalin da ya fi kusa da mu shi ne wanda aka fara a asibitin yara na birnin Cincinnati a shekarar 1996, mai suna Project SEARCH. Shugabar sashen gaggawa, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Erin Riehle, ta ga cewa ƙananan ayyuka irin su cika akwatunan kayan aiki ba sa riƙe ma'aikata, yau a ɗauki mutum gobe ya gudu. Ta kuma lura cewa asibitin yana kula da yara masu naƙasa da yawa amma ba ya ɗaukarsu aiki idan sun girma. Sai ta haɗa kai da malaman koyon sana'a. Tsarin shi ne, matashi yakan yi shekarar karatu guda cur a cikin wurin aikin, ya zaga sassa uku ɗaya bayan ɗaya, da mai koyarwa a kusa da shi wanda yakan ja baya a hankali yayin da hannun matashin yake faɗawa. Aka tarar suna iya ayyuka masu bukatar natsuwa, har da jera kayan tiyata daidai da tsari. Yanzu ana bin wannan tsari a ɗaruruwan wurare a Amurka da Ingila da waɗansu ƙasashe.

Gaskiya ne Amurka tana da kuɗin da ba mu da shi, kuma ko a can masu raunin fahimta da yawa har yanzu ba su da aiki. Amma ku duba abin da ya sa waɗannan gwaje-gwaje suka yi nasara: an fara da wuri, an rarraba aiki ƙanana-ƙanana, an koyar a wurin aikin kansa, an kuma sa mutum mai haƙuri a kusa. Babu ko ɗaya cikin huɗun nan da ya fi ƙarfin majami'ar ƙauye. Hasali ma haka kakanninmu suke koyar da ƙira da saƙa da jima, yaro a gefen maigidansa, ido yana gani, hannu yana bi.

ABIN DA IKILISIYA TAKE KOYARWA

A shekarar 1981 Waliyi Paparoma Yohanna Bulus na 2, wanda ya taka ƙasar Kaduna a 1982, ya rubuta wasiƙa a kan aikin ɗan'adam mai suna Laborem Exercens. A sashe na 22 ya yi magana a kan naƙasassu da aiki. Ya koyar cewa mai naƙasa cikakken mutum ne mai cikakken hakki, kuma al'ummar da take buɗe ƙofar aiki ga masu ƙarfi da lafiya kaɗai tana aikata wariya mai muni. Ya yi kira a ba su horon sana'a da aikin da ya dace da iyawarsu, tare da lada na adalci. Dalili shi ne, aiki domin mutum aka yi shi. Ta wurin aiki mutum yakan ji cewa ana bukatarsa, yana da abin da zai ba waɗansu.

Ku tuna da Waliyi Yusufu na Kupertino, wanda aka haifa a Italiya a 1603. Karatu ya yi masa wuya, yana da mantuwa, kwanuka suna faɗuwa daga hannunsa. Gidan sufaye na fari da ya shiga sun sallame shi bayan wata takwas. Wani gidan ya karɓe shi a matsayin mai kula da alfadari. A nan aka ga tawali'unsa da himmarsa, aka ba shi dama, aka naɗa shi firist a 1628. A 1767 Ikilisiya ta ɗaga shi waliyi, kuma shi ne ɗalibai suke roƙon addu'arsa lokacin jarrabawa. Da gida na biyu ya rufe ƙofa kamar na fari, da Ikilisiya ta yi hasarar waliyi.

A misalin talanti da ke sura ta 25 ta Bisharar Matiyu, maigida ya raba wa bayinsa dukiya gwargwadon iyawar kowa, kuma bai bar ko ɗaya hannu wofi ba. Wanda aka hukunta shi ne wanda tsoro ya sa ya binne nasa. Yaro mai raunin fahimta ba shi ne yake binne talantinsa ba. Manya ne suke haƙa ramin, wani don kunya, wani don tsoron kada a wulakanta yaron, wani don ƙauna marar dabara wadda take yi wa yaro kome har ya girma bai iya ɗaura igiyar takalmi ba. Ranar lissafi, masu haƙa ramin za a tambaya.

A nan dole in ƙara kalma guda, kada a fahimce ni a karkace. Akwai waɗanda rauninsu ya yi tsanani, ba za su taɓa riƙe sana'a ba, sai an ciyar da su an yi musu wanka har ƙarshen ransu. Darajarsu a gaban Allah ba ta ragu ko da ƙwayar zarra ba, gama cikin surarsa aka halicce su, kuma Baftisma ɗaya muka karɓa. Iyayen da suke wannan hidima dare da rana suna yi wa Kristi kansa hidima, kuma hakki ne a kanmu mu taya su ɗaukar kayan.

DOKAR ƘASARMU

Ya kamata iyaye su san cewa doka tana bayansu. A watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ba mai naƙasa hakkin karatu kyauta har zuwa sakandare. Ta umarci ma'aikatun gwamnati su yi ƙoƙari naƙasassu su kai aƙalla kashi 5 cikin 100 na ma'aikatansu. Ta kuma yanka tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna bambanci, da Naira miliyan 1 ga kamfani. A 2020 aka kafa hukumar ƙasa mai kula da naƙasassu. Muna da Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Oyo wadda tun 1977 take horar da malaman ilimi na musamman, kuma Jami'ar Jos da Jami'ar Bayero ta Kano suna da sassan wannan fanni. Hukumar JAMB tun 2017 tana da shiri na musamman domin makafi da waɗansu masu bukata ta musamman da suke neman shiga manyan makarantu. Amma doka a takarda ba ta tashi ta yi tafiya da kanta. Sai an sami masu ƙwanƙwasa ƙofa, kuma idan ana maganar naƙasassu, masu raunin fahimta su ne akan manta, domin ba sa iya yi wa kansu magana a taro.

AIKIN DA KE GABANMU

Ku iyaye, ku fito da yaranku. Ku kai su asibiti a duba idanu da kunnuwa, gama yaro da yawa da ake kira daƙiƙi allo ne ba ya gani, ko muryar malami ce ba ya ji. Ku ba yaro aiki a gida tun yana ƙarami: shara, ba kaji ruwa, wanke kwano, sayo gishiri a shagon maƙwabci. Ku lura da abin da yake so, wanda ba ya gajiya da shi. Daga shekara 14 ku fara tunanin sana'a. Ku koya wa 'ya'yanku mata da maza cewa jikinsu nasu ne, su kuma san wanda za su gaya wa idan wani ya taɓa su. Kada ku cire su daga gādo, ku kuma faɗi tun kuna da rai wanda zai riƙe musu rabonsu da amana.

Ku malamai da shugabannin makarantunmu, kada a kori yaro saboda zai rage wa makaranta sakamakon jarrabawa. Yaron da yake amsawa da baki amma ya kāsa a takarda, a gwada shi da baki, a ƙara masa lokaci, a zaunar da shi a gaba. Wanda ya cancanci kwaleji ko makarantar koyon sana'a, a taimake shi cika takardu, a raka shi, a yi wa hukumar makarantar bayanin lalurarsa. Ku matasa masu neman abin da za ku karanta, ku tuna da fannin ilimi na musamman. Dayosis ɗinmu yana bukatar irin waɗannan malamai.

Ku masu sana'a, kafintoci da teloli, masu faci da masu injin niƙa, masu gidan burodi da masu buga bulo, masu kiwon kaji da masu lambu, da ku masu shaguna, kwalejin da yawancin waɗannan yara za su taɓa shiga tana hannunku. Ku ɗauki ɗaya. Ku fara masa da aiki guda, ku nuna masa da hannu, ku bar shi ya maimaita. Sannu ba ta hana zuwa. A shekarar 1852 Waliyi Yohanna Bosco ya sa hannu a kan yarjejeniya da wani kafinta domin ɗaya daga cikin yaransa na birnin Turin. Aka rubuta cewa maigida zai koya masa sana'ar sosai, ba zai sa shi aikin da ba na sana'a ba, zai yi masa gyara da baki ba da dūka ba, zai bar shi ya huta ranakun idi, zai kuma riƙa ƙara masa lada. Irin wannan yarjejeniya muke bukata, da majami'a a matsayin shaida, domin kada koyon sana'a ya koma bauta. Wanda ya yi aiki a biya shi.

Ku 'yan majalisar majami'a, da Zumuntar Mata Katolika, da ƙungiyoyin maza da na matasa, kafin ƙarshen wannan shekara ku zaga gida-gida tare da katekis, cikin sirri da ladabi, ku san yara nawa ne muke da su da shekarunsu. Ku haɗa kowane matashi da mai sana'a guda, da kuma mutum guda mai ziyartarsa a wurin aikin. Ku keɓe wani abu daga baikon godiyar kaka domin kuɗin koyo da kayan aiki. Mu kuma fara da gidanmu. A makarantunmu da asibitocinmu da harabar majami'a akwai aikin lambu, da sito, da kicin, da wanki, da jera kujeru. A wurin Misa akwai hidimar bagade, da ƙungiyar mawaƙa, da kai baiko. Idan Ikilisiya ba ta ɗauke su ba, da wane baki za ta roƙi gwamnati ta ɗauke su? Kuma wannan taimako kada ya tsaya a kan 'ya'yan Katolika kaɗai. Ɗan maƙwabcinmu Musulmi, da na sauran ɗarikoki, shi ma namu ne.

Ku kuma 'ya'yana da ake karanta muku wannan takarda, ku saurara. Allah ya san sunanku. Bai yi kuskure ba da ya halicce ku. Akwai aikin da zai yi kyau a hannunku. Idan kun gwada ya ƙi, ku sāke gwadawa gobe, muna tare da ku.

MU YI ADDU'A

Ya Allah Uba, kai da ka danƙa Ɗanka a hannun Yusufu masassaƙi domin ya koya masa aiki, ka dubi 'ya'yanka waɗanda karatu yake yi wa nauyi. Ka ƙarfafa iyayensu, ka ba malamansu haƙuri da dabara, ka buɗe zukatan masu sana'a da masu ɗaukar ma'aikata. Ka ba mu idon da zai dube su, da hannun da zai tashe su, domin mu shiga gidanka tare, ba wanda aka bari a bakin ƙofa. Muna roƙo ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.

Waliyi Yusufu Ma'aikaci, ka yi addu'a dominmu. Maryamu Uwar Allah, ki yi addu'a dominmu.